Giram Arba'in

Tun daga Kawo nake rungume da kwalin
kamar mai kai jariri rigakafi.
A cikin keke ba shi da nauyi,
a kan cinyata ba shi da nauyi,
sai da Bulus ya aza shi kan sikeli
sannan ya tuna cewa shi kaya ne.

Kilo ɗaya da giram arba'in.

Bai ɗago kai ba ya ce, Hajiya, kin tsallaka.
Na ce, na tsallaka ina?
Ya nuna takardar da ke manne a bango,
wadda biro ya kashe farashinta sau uku
daga ƙaramar salla zuwa yau.
Kilo ɗaya zuwa Warri, ga kuɗinsa.
Abin da ya ɗara, ko gashin kaza ne,
kuɗin kilo biyu.

Giram arba'in, nauyin ƙwan zabuwa,
amma zai haɗiye dubu biyu da ɗari biyar,
ribata ke nan kaf,
har da kuɗin datar da na ƙona
ina amsa wa masu tambayar farashi su ɓace.

Na ja gefe, kusa da wani saurayi
da ke raba takalma da kwalinsu yana tsaki.
Na sa haƙori na yage salatif.

Daddawa ƙulli goma, ta biya.
Yajin tafarnuwa kwalba biyu, ta biya.
Kuka, ta biya.
Can ƙasa, a kusurwa,
ɗan ƙullin busasshiyar kuɓewa
wanda ba ta ce a sa ba.

Gyara ce.

Innata ta yi shekara talatin a Kasuwar Barci,
ban taɓa ganin ta shafe bakin mudu ba.
In ya yi tozo, sai ta ƙara da tafin hannu,
idonta na kan fuskar mai saye, ba kan hatsin ba.
Ni ban san fuskar Rifkatu ba.
Hoton da ke wayarta furanni ne.
Muryarta kawai na sani, saƙon minti biyu,
ana jin janareto a bayanta:
'Yar'uwa, a Kakuri aka haife ni,
babana a masaƙa ya tsufa,
shekara uku rabona da miyar da ta amsa sunanta.

To wannan zan zare wa kuɓewa?

Na cire tsohuwar jaridar da na yi matashi da ita.
Na ari reza wurin mai takalma
na yanke kunnuwan kwalin, ɗaya bayan ɗaya,
na ɓare leda ta biyu daga jikin daddawa,
warinta ya tashi ya gaishe da kowa a layi.
Wata mai atamfofi ta toshe hanci,
wani dattijo ya ce, kai, gida!

Na mayar.
Lambobin suka yi rawa, suka yi rawa, suka tsaya.
Kilo ɗaya da giram shida.

Babu sauran abin yankewa
sai in yatsana ake so.

Bulus ya dubi sikelin.
Ya dubi fankar da ke kaɗawa a samanmu,
ta tsufa, tana kuka kamar ƙofar langalanga.
Ya ce, wannan iska tana danne kaya.
Ya rubuta kilo ɗaya,
ya buga hatimi da ƙarfi, ya ce, na gaba.

Ban yi godiya da yawa ba,
Inna ta ce yawan godiya na kunyata mai gyara.

A waje hadari ya haɗo ta wajen Rigasa.
Ina neman canjin keke a ƙasan jaka
wayata ta yi ƙara.
Wata ce daga Kalaba:
Salamu alaikum, dubu takwas ɗin nan
har da kuɗin aikowa?