Sunaye Ɗari

A hawa na tara suka miƙo mini takarda,
layi ɗari, kowane layi da lambarsa.
Madam Villaruel ta ce, rubuta mutanenka,
duk wanda zai ɗaga waya in ya ga sunanka.
Na ce, albashi fa? Ta gyara tabarau:
Crisanto, nan kamasho ake ci,
iya nomanka, iya rumbunka.
Katin ma an buga shi kafin in amsa,
Mai Ba da Shawara kan Harkar Kuɗi,
ni da peso ɗari uku ke kwana a aljihuna.

Na hau jifni zuwa Jaro, gwiwa na gugar gwiwa.
Kuɗin mota na tafiya hannu zuwa hannu har direba,
ina kallon hannuwan ina lissafi:
wannan zai iya biya, wancan ba zai iya ba.
Ban karɓi aikin ba, har ya shiga idona.

A teburin girki na fara.
Ɗaya, Goggo Perpetua,
mai miyar taliya a kasuwar La Paz,
wadda ta biya mini kuɗin jarrabawa
da takardun kuɗi masu ƙanshin tafarnuwa.
Sai in ɗaura lakatai in zauna a bencinta
in ce, Goggo, in kin mutu fa?
Biyu, Efren, abokin aikin dare,
shekara huɗu muna ba Amurkawa haƙuri a waya
har kamfanin ya naɗe tabarmarsa.
Sha bakwai, malamin lissafi da ya kayar da ni.
Talatin da ɗaya, Luningning,
wadda na yi shekara biyu ban kira ba,
kuma ba wannan ce maganar da na tanadar mata ba.
Zumunci a ƙafa yake, na sani.
To in ƙafar ta zo riƙe da fom?

A arba'in biro ya tsaya.
Ashe duk duniya iyakar mutanena ke nan.

Amma kada in zagi inshora.
Babana Dionisio kwale-kwale yake tuƙawa
tsakanin Guimaras da nan, safe da yamma,
har ranar da iska ta juya ba sallama.
Bai bar takarda ko ɗaya ba sai lasisi jiƙaƙƙe.
Kwana tara gawarsa na falo,
maƙwabta na buga karta a ƙofar gida
ana cire kason akwati daga kowace caca.
Inna ta sayar da keken ɗinki,
ta sayar da mangwaro uku tun suna fure.
Da wani mai jaka ya taɓa tsare shi a gaɓa,
ya dame shi, ya hana shi shan kofi
har ya sa hannu don a rabu da shi,
da yau ina yi wa mai nacin nan addu'a.

To wane ne ni a cikin biyun:
mai kawo laima kafin hadari,
ko mai girbin kunyar dangi wata-wata?
Wataƙila jakarsu ɗaya.
Wataƙila sai an buɗe ake ganewa.

Ruwa ya fara dukan kwano.
Inna ta fito neman ashana,
ta tsaya a kaina tana karantawa da leɓe.
Perpetua ba za ta ce maka a'a ba, in ji ta,
shi ya sa ba za ka fara da ita ba.
Ta karɓi biron, ta ja layi a kan ɗaya,
ta sauka can arba'in da ɗaya
ta rubuta Remedios, harafi-harafi.
Fara da ni. In ka iya gaya mini gaskiya,
har abin da suka rubuta da ƙananan baƙaƙe,
sai ka je wa mutane.

Litinin suke son amsa.
Yau Juma'a. Shinkafa ta kama a tukunya.
Saura layi hamsin da tara.