Bangon Gabas

Shekara goma sha tara ina zanen manyan motoci a Gombe,
zaki, ɗawisu, gaggafa riƙe da maciji,
karin magana da jan fenti a goshin tirela.
Ban taɓa zana abin da zai sa mutum ya cire hula ba.

Sai Fasto Irimiya ya aiko daga Kaltungo:
bangon gabas na majami'a fari fat,
kamar bakin da bai koyi addu'a ba.
Ka zo ka sa masa Makiyayi kafin Ista.

Dattawa suka zauna a kaina har sau biyu.
Baba Obadiya ya doka sanda a siminti:
"Kakanninmu sun baro duwatsun tsafi a kan tudu,
yau za ku dawo mana da su da buroshi?"
Mama Keziya, wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba,
ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce,
"Ku kuna da Littafi a hammata.
Ni fa? Ku bar mini bango in karanta."
Aka yi tsit. Aka ce in fara.

Ban san tumakin Yahudiya ba,
sai na zana namu, masu doguwar ƙafa da ƙaya a gashi.
Na tsayar da Dutsen Kilang a bayansu.
Shuɗi ya ƙare mini sama tana rabi,
zumuntar mata suka tara bular wankinsu a kwano.
Jar ƙasa daga bakin rafi, gawayi daga murhun Fasto,
na kwaɓa da ƙaro, bango ya sha.
Hannuwa suka fito, sanda ta fito,
ɗan rago ya kwanta a kafaɗa.

Fuska ce ta ƙi.

Na zana, na ja da baya, sai ga Zakka,
ɗan wan babana, mai karyayyen hanci,
wanda iyakar gona ta raba mu,
damina bakwai ko sannu.
Na goge da kananzir. Na sake. Zakka.
Na ƙara gemu, na rage goshi,
na riƙe tocila da haƙori har zakara ya yi cara,
idanun dai nasa ne, suna dubana ba fushi,
abin da ya fi fushi ciwo.

Na sauko daga tsani gwiwa na rawa.
Kyautar da na kawo wa Ubangiji ta tsaya mini a maƙogwaro.
Na tarar da shi yana ɓare gyaɗa a gindin ɗorawa.
Na ce, "Ina kwana."
Ya daɗe yana duban fentin da ke hannuna,
sannan ya tura mini kujera da ƙafa.
Ba mu yi zancen gona ba. Mun ɓare kwano biyu.

Da na koma, sai na sunkuyar da kan Makiyayin,
yana duban abin da ya ɗauko,
kunci kawai ake gani, da gefen ido.

Ran Ista Baba Obadiya ya tsaya gaban bango,
ya ce ƙafar tunkiyar hagu ta yi gajarta.
Gaskiyarsa. Amma hularsa tana hannu.
Mama Keziya ta bi garken da yatsa, ɗaya bayan ɗaya,
har ta kai ga na kafaɗa, mai tabon jini a kofato,
ta ce, "To, ga ni nan."

Zakka yana bencin baya, kusa da ƙofa.
Na miƙa hannu in karɓi gurasa,
bula ba ta gama fita daga farcena ba.