Bokitin Goggo Tabawa

Malam Sidi ya maido mini takardata a Samaru,
jan biro ya zagaye lamba ɗaya:
"Ka ninka soda, ka bar zafi yadda yake.
Wa ya ce maka zafi yana yin ragi?"
Biyu cikin goma. Na naɗe ta, na cusa aljihu,
na hau bas zuwa Gyallesu ina jin nauyinta.

A allo abin ba wuya:
mol ɗaya, giram arba'in,
zuba a ruwa, kilojul arba'in da huɗu su fice,
da ɗan gajeren layi a gabansu, shaidar fita.
Mol biyu, tamanin da takwas.
Rabi, ashirin da biyu.
In ka juya kibiya, alama ta juya,
abin da aka ba ka ɗazu, yanzu kai za ka biya.
Duk na haddace. Hadda dai ba ta taɓa ƙona kowa ba.

Na tarar da Goggo Tabawa tana haɗa sabulu,
safar roba a hannu, muciya na kewaya bokiti,
ta kau da fuska saboda tururi.
Na karanta mata tambayar don in huce.
Ta yi dariya har ta jingine muciya,
ta janye hannun riga:
farin tabo, daga gwiwar hannu har tsintsiya.

"Shekarar da mai shago a Sabon Gari ya ce katan goma,
na so in yi aikin kwana biyu a yini.
Gwangwani huɗu na juye maimakon biyu,
ruwa kuwa ban ƙara ko moɗa ba.
Roba ta yi laushi kamar dafaffen alayyahu,
ta buɗe baki a kaina.
Da na ninka ruwan, da ta tsaya lafiya.
Ba wai zafin ya ragu ba, yaro,
ɗaki babba kawai ya samu."

Ba ta san mol ba, ba ta san kilojul ba,
Malam Sidi kuwa bai taɓa ganin damtsenta ba.

Da dare aka ɗauke wuta.
Na kunna fitilar waya, na warware takarda,
na rubuta biyu, na rubuta sau,
na daɗe ina kallon arba'in da huɗu.
A tsakar gida Goggo na yanka sabulu da zare,
tana ƙirga dunƙule a hankali,
ba ta tsallake ko ɗaya.