Shafi na Sha Tara

Ofishinmu ɗaki guda ne a saman shagon mai fenti,
titin Rwang Pam, matakala sha shida, biyu sun tsage.
Allon ƙofa ya ce kamfani.
Ni na san kamfanin: ni ce, da tebur, da butar shayi,
da firintar da ke tari in an tashe ta da sassafe.

Masu zanenmu ba su da kujera a nan.
Davou yana Bukuru, da rana yana rubuta allon shaguna,
da dare ya ɗora mana duwatsu kan duwatsu da fensir.
Kyenpiya tana zuba launi a wayar da gilashinta ya fashe,
ta tsakanin tsaga take zaɓar shuɗin sama.
Sha'aban na Anguwar Rogo, mai sa magana a bakin mutanen takarda,
sai an kawo wuta yake amsa sallama.
Ban taɓa ganin su uku a ɗaki ɗaya ba,
amma a kan shafi hannunsu guda.

Labarinmu na wata yarinya ce
mai nutso a kududdufan da masu haƙar kuza suka bari,
tana tsamo abin da ruwa ya haɗiye:
takalmi, agogo, sunan wani kaka.

Na ce da Davou, Laraba.
Ya ce, Laraba.
Ba mu dai faɗi ta wane mako ba.
Shi ma ya ce da ni, kuɗin fitowa ta uku fa?
Na ce, Juma'a.
Haka muke, kowa na riƙe da ranar ɗan'uwansa a aljihu.

Mai ɗab'i ya ƙara kuɗin takarda sau biyu kafin damina ta tsaya.
Mai shagon littafi a Terminus ya sayar da kwafi tara,
ya ce in dawo.
Na lissafa a bayan ambulan, na juya ambulan,
lissafin bai sauya ba.

Sai ga shafi na sha tara, ƙarfe biyu na dare,
sanyi ya sa na buɗe saƙon da hannu cikin mayafi.
Kasuwa ce, ta cika maƙil:
masu dankali, masu kabeji, mai acca da mudunta,
yarinyarmu na ratsawa, ruwa na ɗiga daga gashinta.
Can a lungu, ƙarƙashin teburin mai tumatir,
wata mata ta duƙa tana ɓuya.
Tabarau nawa. Ɗaurin kallabina, mai karkata hagu.
Har wushiryata bai bari ba.
A hannunta ambulan.

Kyenpiya ta ba ta koren atamfar da nake sawa ran Litinin.
Sha'aban ya buɗe mata ƙaramin kumfa a saman kai,
ya rubuta a ciki: Juma'a.

Ashe sun haɗu.
Su ukun da ban iya tarawa a ɗaki ba
sun taru a kaina.

Na yi dariya har maƙwabciya ta buga bango,
sannan na yi shiru, shirun da ya fi dariyar tsawo.
Bashi hanji ne, an ce, yana cikin kowa,
amma nawa an zana shi, an shafa masa launi.

Da safe na kai zoben da na ajiye don mummunar rana
wajen maƙerin zinariya, bai ko ɗaga kai ba.
Na tura kashi uku. Na Davou bai cika ba, na faɗa masa.
Ya turo hoton babban yatsa, wanda ya zana da kansa,
farcen da tawada a ƙarƙashi.

Ban goge matar ba.
Kwafi ɗari biyar, tana nan a duƙe a kowanne.
Wani yaro ɗan Gangare ya hau matakalarmu jiya,
ya tsallake biyun da suka tsage,
ya dubi shafin, ya dube ni,
ya ce, Anti, yaushe za ta fito daga ƙarƙashin teburin?

Na ce ya tambayi Davou.
Shafi na ashirin yana hannunsa tun Laraba.