Dashe da Ƙasarsa

A kwamfutata manhajar tana gudu
kamar ruwa ya sami gangare.
Na tura wa Tukur a Daura,
kafin la'asar ya bugo:
“Baraka, abin nan ya ƙi tashi,
yana neman abin da ba ni da shi.”

Karo na uku ke nan.
Fayiton ɗina sabo, nasa tun na bara waccan.

A bakin titin Ƙofar Ƙaura
na tarar da Baba Na'iya yana jera mangwaro
a baƙar leda.
Na ce leda ta yi nauyi, ya zare min shukar kawai.
Ya dube ni.
“Ba a tafiya da dashe tsirara, 'yata.
Da ƙasarsa ake ɗaukarsa.”

Bayan isha'i na buɗe allon rubutu,
na yi wata jaka mai ɗigo a gaban sunanta.
Na lissafa mata komai:
ga irin ƙasar, ga kayan aikin,
ga ƙofa ta dubu takwas, a bar ta a buɗe.

Waƙafi ɗaya na manta,
allo ya yi ja har sha biyun dare.
Doka na sauke kaya hawa-hawa,
datata na zuba kamar gero a buhu mai huji,
aka ɗauke wuta.
Na ƙarasa da numfashin batir.

Da hantsi saƙon Tukur ya shigo,
ko sallama babu:
“Ya kama.”