Fijon Baba Ta Sake Zuciya

Shekara tara tana kwance gindin dogonyaro,
tayoyinta sun lotse kamar wainar jiya.
Kajin Inno sun mai da bayanta akurki,
ƙadangare na limanci a kan sitiyari.
Wagon ce, doguwa, mai kujeru sahu uku,
ita ta ciyar da mu tsakanin Sakkwato da Illela,
albasa a sama, mutum tara a ciki,
Baba na tuƙi da gwiwar hannu a taga.

Masu sayen ƙarfe a kilo sun zo sau uku.
A na ukun na ce, ku wuce,
ba a ɗora uwa a sikeli.

Da igiya muka ja ta zuwa garejin Labbo.
Ya buɗe gabanta, ya daɗe yana kallo,
ya tofar da tsinken da ke bakinsa:
"Gangar jiki da sauranta, ɗan samari,
zuciyar ce ta riga mu gidan gaskiya."

Na sayar da babur, na sayar da raguna biyu,
aka sauko da inji daga Kwatano,
mai tukunya shida, mai turbo,
an ciro shi daga motar da ba ta san rami ba.
Ya ƙi zama.
Kwana goma sha ɗaya yana ƙin zama,
kamar baƙon da aka ba ɗaki mai ƙunci.
Jabbi mai walda ya yanka, ya ƙara, ya sake yankawa,
tartsatsi ya cinye masa riga biyu,
na biya kuɗin rigunan, bai ce a bari ba.

Giya biyar ta zo daga wata gawar.
Lagireto muka ninka,
don ranar garin nan ba ta wasa da ruwa,
ta sha tafasa manyan motoci tun kafin azahar.
Salansa mai faɗin bakin tulu.
Na ce saura fenti, Labbo ya ce saura birki:
"Kowane wawa ya iya gudu.
Tsayawa ita ce ilimi."

Ranar da muka kwance ƙofar direba,
sai ga abin da ya zurara ciki tun tuni:
ɓarin goro ya bushe ya zama dutse,
sulalla uku da aka daina karɓa,
da takardar tasha mai rubutun Baba.
Na fita bayan gareji na tsaya.
Labbo ya yi kamar sifana yake nema.

Fentin, launin bagaruwar majema na zaɓa,
jan da fatar akuyar garinmu ke yi in ta sha aiki.
Kujerun duk an sake,
ban da ta gaba, ta hagu.
Ramin zamansa yana nan. Na hana a cike.

Asubar wata Laraba, hanyar Kware ba kowa.
Na murɗa makulli,
tantabarun gareji suka watse gaba ɗaya.
Giya ta uku ta manna ni da kujera,
ta huɗu ta mai da turakun lantarki haƙoran mataji,
allurar maleji ta haye inda ba ta taɓa zuwa ba,
Labbo na salati yana dariya,
hularsa ta zauna a Sakkwato, mu muna gaba.

Da hantsi na faka ƙofar gida.
Inno ta zagaya ta, ta shafa murfin baya,
ta ce, "Ƙarar ba tata ba ce,
amma warin kujerar nasa ne.
Kai ni Wurno in gaida ƙanwata.
Kada ka wuce sittin."

Ga mu nan, tukunya shida na gurnani a ƙasa,
mai Keke Napep ya wuce mu yana waige.
Inno ta sauke gilashi,
ta ɗora gwiwar hannu a taga.
Ban wuce sittin ba.