Wuyan Riga

Shekara tara nake ɗinka wa Tambara riga
a rumfata, bayan kasuwar Tawa.
Kowace Salla sai na ƙara wa wuyan yatsa guda.
Ba ta ce ba, ban tambaya ba.
Igiyar awona ta san maƙoƙon
tun mijinta yana cewa ƙiba ce.

Tana ci tana ramewa,
zuciya na sukuwa, gumi tun asuba.

Lokotoro ya zana mata a bayan takardar magani:
nama mai fiffike biyu, kamar malam-buɗe-littafi,
lafe a gaban maƙogwaro.
A bayansa ƙwayoyi huɗu,
kowace ba ta fi tsabar shinkafa ba,
su ke auna sinadarin ƙashi a cikin jini.

A Yamai aka yi aikin.
Kwana uku leɓe na tsikari, yatsu suka ƙage.
Ƙwayoyin ne suka yi fushi,
an rushe gidan maƙwabcinsu.
Da lallashi suka huce.

Jiya ta zo da atamfa, murya ƙasa-ƙasa,
da tabo siriri,
ɗinkin da ya fi nawa kyau.
Na jawo littafin tsohon awo, ta dafe shi:
"Isufu, sake gwadawa.
Kuma kada ka rufe mini shi."